Musayar waƙa: yaron da ke cizo a aji, laifin wa?

Malamar Reno: Salam ƴan uwa, yau da ƙorafi na zo, mai amsa ya amsa da baiti.

Ɗan shekara huɗu ne a ajina,
Ya ciji yara ya watsar da kayana,
Na ce wa ya koya ma ashar, ɗana?
Ya ce haka Abba ke ce wa Mamana.

Ɗan Fagge:
Malama kin ɗora wa maza kaya,
Uba na kasuwa tun da safiya,
Uwa na ɗaki tana latsa waya,
Ita za ki tuhuma ba mu ba, Hajiya.

Maman Biyu:
Ɗan Fagge kai da ba ka ko aure,
Tuzuru mai kwana a zaure,
Uban da ke shigowa kullum fuskarsa a ɗaure,
Yaro ya ga an mari uwa, ya zai daure?

Gwaggon Yara: Ayyiriri! Allah ya bar mana ke Maman Biyu, wallahi kin gama da shi, a kawo masa ruwa 😂

Sarkin Aruli: Gwaggo a rage guɗa. Ɗango na uku ya fi ƴan uwansa tsawo, kari ya karye a nan. Shi ma Ɗan Fagge "Hajiya" ɗin nan liƙa ta ya yi don amsa-amo kawai.

Maman Biyu: Malam mu muna zancen yaro yana cizo kai kana ƙirga gaɓa, to kawo naka baitin mu gani mana, kullum sai gyara kamar mai makin jarabawa.

Abu Hanan: Ku bar faɗan kari, maganar Malama fa tana da tushe. A 1961 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi gwaji a jami'ar Stanford ta Amurka da yaran makarantar reno, waɗanda suka ga babba yana jibgar wata ƴartsana su ma da aka bar su da ita jibgarta suka yi, har kalaman bakinsa suka riƙa maimaitawa. Batun waya kuma Ɗan Fagge bai yi ƙarya duka ba, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta yi ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, mu kuwa miƙa masa muke yi don ya bar mu mu huta.

Ɗan Fagge: Kun ji ko? Likita ya wanke ni.

Gwaggon Yara: Rabin farko ba ka karanta ba kenan.

Baƙon Damagaram: Ku yi haƙuri na makara, sabis ne.

Kun manta gida mai kishiya biyu,
Habaici da safe, gori da dare,
An kai shi yaye gun kaka ya sangarce,
Ya dawo ana ce masa goyon kaka.

Sarkin Aruli: Inna lillahi. Baƙo wannan ko amsa-amo babu, biyu, dare, sangarce, kaka, ina suka haɗu?

Baƙon Damagaram: A gidanmu suka haɗu Malam.

Ɗan Fagge:
Maman Biyu batun zaure na ji shi,
Tuzurun nan an sa ranar aurenshi,
Ki ba ni ƙanwarki in kina da kishi,
Ki ga uban da ɗansa ba ya tsoron shi.

Maman Biyu: An sa maka rana kuma kana neman ƙanwata? Baƙo zo ka ga inda kishiyar taka ke farawa.