Gilashin ƙofar 406 Coupe ɗina ya tarwatse, ina zan samu wani a Bauchi?

Ɗan Fadaman Mada:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san harkar mota ku ba ni shawara. Ina da Peugeot 406 Coupe ta 1999, mai ƙofa biyu ɗin nan, ba irin 406 da ake lodin Jos da ita ba. Bappana ne ya bar min ita da ya yi ritaya ya koma Misau, ya ce gwiwarsa ba ta iya shiga mota mai ƙasa-ƙasa kuma.

Ranar Asabar na ajiye ta ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida saboda rana, ashe yaran layi suna jifan mangwaro. Ina ciki na ji tas! Ko da na fito babu yaro ko ɗaya a layin, sai silifas wari guda da aka bari. Gilashin ƙofar direba ya zube gaba ɗaya kamar an zazzage gishiri, wani kan kujera wani cikin ƙofa, yanzu in na rufe ƙofar sai ka ji cakar-cakar a ciki. Na san mai silifas ɗin, ɗan maƙwabcina ne, amma uban gadi yake yi, me zan ce masa? Na bar wa Allah.

Na zaga wajen masu kayan mota har wuri huɗu, kowa sai ya ce akwai, in ya fito ya ga motar sai ya yi shiru. Wani ya kawo na 406 ta gida muka gwada, ko kusa. Wani mai gilashi kuma ya ce in kawo masa ɗaya ɓangaren ya ɗauki awo ya yanka min sabo cikin kwana biyu. Shin wannan zai yiwu? Leda na manna da salatef yanzu, ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, hankalina ba a kwance yake ba wallahi.

Usta Mai Gilashi, Gombe:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Ɗan'uwa kar ka kuskura ka ba kowa ya yanka maka, ni sana'ata ce shekara da shekaru kuma ina gaya maka ba a yanka gilashin ƙofar mota. Wanda ya ce zai yanka, gilashin tagar ɗaki zai yanko maka ko na teburi, kuma wannan ranar da ya fashe ba gishiri zai zama ba, wuƙaƙe zai zama, ga shi daidai wuyanka.

Bari in maka bayani yadda za ka gane. Gilashin gaba daban, na gefe daban. Na gaba falle biyu ne aka manne da wata roba a tsakiya, shi ya sa in dutse ya same shi sai ya tsage kamar saƙar gizo amma yana nan tsaye. Na ƙofa kuma gasasshe ne. A masana'anta sai an gama yanka shi, an lanƙwasa, an huda duk inda za a huda, sannan a gasa shi da zafi sama da digiri 600 a hura masa iska mai sanyi nan take. Fatar waje ta fara sandarewa, cikin ya huce daga baya ya ƙanƙance ya ja fatar ta matse, shi ne ƙarfinsa, ya ninka gilashin gida kusan sau huɗu zuwa biyar. To amma daga ranar an gama da shi, ka sa masa abin yanka ko abin huji sai dai ka share da tsintsiya. Ko ɗan farin tangaran na jikin fulogi ka jefa masa zai iya tarwatsa shi, balle dutsen mangwaro mai baki.

Sannan naka ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da lanƙwasa, kuma ƙofarka ba ta da firam a sama, gilashin ne da kansa yake hawa ya kama robar rufi. In lanƙwasar ta kauce ko kaɗan, iska da ruwa sun samu hanya. Abin da muke iya yankawa shi ne mai falle biyu shimfiɗaɗɗe, na tsofaffin bas da manyan motoci. Naka kam sai dai a nemo ɗan'uwansa.

Ka duba kusurwar gilashin ɗaya ƙofar, akwai tambari ƙarami, za ka ga sunan kamfani kamar Sekurit ko Pilkington, da harafin E cikin da'ira da lamba, da 43R. Ka ɗauki hotonsa. Duk wanda za a kawo maka in babu irin wannan tambarin a jiki, ka ce na gode.

Abban Khalifa:

Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi, malam ka sa roba ka huta. Akwai farar roba mai kauri da masu allon talla suke aiki da ita, a yanka maka daidai, kuɗi kaɗan. Ni na yi wa tsohuwar Golf ɗina haka na yi shekara ina hawa. Ko kuma ka sayar da motar ka sayi Corolla kamar kowa, mota mai ƙofa biyu a Bauchi in an yi biki ko rasuwa wa za ka ɗauka? Hajiya za ta naɗe kujera ta kutsa baya ne?

Ɗan Fadaman Mada:

Hahaha Abban Khalifa ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, uwargida kullum maganarta ke nan. Amma motar Bappa ce, ba ta sayarwa ba ce. Usta na gode ƙwarai, Allah ya sa ban ba mutumin nan kuɗi ba, saura ƙiris. Na duba tambarin yana nan kuwa. To yanzu ina ake samu?

Kawu Ritaya:

Yaro, ka riƙe motar nan da kyau, ba ko'ina ake ganinta ba. Dalilin da ya sa na 406 ta gida bai shiga ba, su biyun suna kawai suka haɗa da inji da kayan ƙasa. Waccan ita ce PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, suka riƙa haɗawa a Kaduna, shi ya sa kayanta suke ko'ina kamar gyaɗa. Taka kuwa kamfanin Pininfarina ne a Italiya ya zana ta kuma ya haɗa ta, daga 1997 zuwa 2004, kuma duk duniya kaɗan ta haura dubu 100. Bodinta daban, ƙofa daban, gilashi daban. Saboda haka daina wahalar da kanka a shagunan cikin gari.

Inda za ka sa a bincika: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, in duk an rasa sai Ladipo a Legas, nan ne uwa ma ba da mama a kayan Beljiyam. Ka tambayi masu yanka mota su sayar da ita gunduwa-gunduwa, ba masu shagon sabon kaya ba. Kuma kar ka raina garejin makanikai na nan kusa, sau da yawa akwai irinta da inji ya kwanta ta shekara biyar ƙarƙashin dalbejiya awaki na kwana a ƙasanta, gilashinta lafiya lau. Ka sa makanikan Peugeot na Bauchi da Jos su baza maka kunne, su sun san wa ke da me.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai, don ni ya taɓa ci na. Kar ka ce "na ɓangaren direba", ka ce na HAGU. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu na hagu, amma kayan da aka ciro daga motar Ingila direbansu na dama yake. Na taɓa aika kuɗi Legas aka sako min madubi na ɗaya gefen, mai kayan ya rantse shi na direba ya ciro, kuma gaskiyarsa ne. Sannan ka ce na ƙofa, don akwai ƙaramin na baya kusa da kujerar fasinja, kar a aiko maka shi. A yi maka bidiyo a WhatsApp, a sa tef a auna tsawo da faɗi kana gani, a nuna maka gefe-gefen ko akwai ɓantarewa, don ƙarfin gasasshen gilashi a tsakiya yake, bakinsa ne lagonsa. A duba launi ma, wani yana da ɗan kore-kore wani fari ne, in suka bambanta da na dama kullum idonka na kai.

Wajen aikowa a naɗe shi da bargo ko katifa, kwali ciki da waje, a tsaye za a ajiye shi ba a kwance ba, kuma ka yi magana da direban da bakinka ka ƙara masa na goro. In ka bar wa 'yan lodi za su ɗora masa buhun albasa.

Maganar roba kuma, Abban Khalifa, Golf tana da firam da ke riƙe ta ta kowane gefe. Wannan babu. In ya kama hanyar Darazo ya taka, iska za ta janye robar waje tana kaɗawa kamar tuta, ga ƙura za ta kankare ta cikin wata biyu ya daina ganin madubi.

Rewaya Na Bakin Kura:

Duk abin da Kawu da Usta suka faɗa haka ne, ni ta ɓangarena zan ƙara, don samun gilashin rabin aiki ne, ɗaurawar ce inda ake kuka.

Na farko wannan cakar-cakar da kake ji kar ka taɓa makunnin gilashin sam har sai an share, injin ɗaga gilashin da waya yake aiki da 'yan robobi da ke zamewa kan dogo, tsakuwar gilashi in ta shiga ciki za ta cinye robar ta tsinka wayar, ka tashi daga neman gilashi ka koma neman inji. A cire batir tukuna, a cire marfin da ya rufe ƙofar ta ciki a hankali don maɓallansa na roba sun tsufa suna karyewa, ledar da ke bayan marfin kar yaron shago ya yage ta ya yar, ita ke hana ruwa jiƙa marfin da sipika, a ɗaga ta a mayar da gam. A zuƙe tsakuwar da injin shara na masu wankin mota, a bi cikin robobin da tsohon buroshin haƙori, ƙasan ƙofa akwai 'yan ramuka na fitar ruwa a tabbatar ba su toshe ba in ba haka ba damina ɗaya ƙofar ta fara tsatsa daga ciki.

Kafin a kwance kowane noti a zagaye shi da alƙalamin maka, saboda saitin gilashin a jikinsu yake, sama da ƙasa, gaba da baya, da yadda yake kwantawa ciki. Inda gilashi ke kama inji kuma kar a ɗaure kamar ana ɗaure taya, kuma kar ƙarfe ya taɓa gilashi kai tsaye ba roba a tsakani, na ga wanda ya fashe a hannun mai ɗaurawa tun kafin mai mota ya biya kuɗin kawowa.

Sannan motarka in ka ja hannun ƙofa gilashin yana ɗan sauka kaɗan da kansa, in ka rufe ya koma ya shige roba. Ka gwada a ƙofar dama ka gani. In na hagu ba ya yi bayan an ɗaura KAR a buga ƙofar, a duba ɗan makunnin da ke cikin makullin ƙofa, kuma bayan an mayar da batir a sauke gilashin ƙasa a ɗaga shi har ƙarshe a riƙe makunnin 'yan daƙiƙu don ya gane iyakarsa. Gwaji na ƙarshe, ka sa takarda tsakanin gilashi da roba ka rufe ka ja, in ta zare salin-alin wurin bai kama ba, a bi ko'ina haka, sannan ka zauna ciki a kwara bokitin ruwa.

Af, salatef ɗin nan mai ruwan ƙasa ka cire shi daga kan fenti yau, ranar Bauchi za ta dafa gam ɗin ya ƙi fita. Ka nemi na takarda na masu fenti. Kuma in wanda aka samo yana da baƙar leda a jiki a ɓare ta, kar ka ja wa kanka tambayar takardar izini a kowane shinge.

Ɗan Fadaman Mada:

Jama'a ga yadda aka kwana. Kano da Kaduna ba a samu ba, Legas an samu amma na dama ne, da ban ce a yi bidiyo ba da yanzu yana hanya, Kawu Allah ya ƙara girma. Ƙarshe wani makanike ya haɗa ni da abokinsa a Jos, akwai wata ja da gobara ta ci injinta tana ajiye a gareji, na je da kaina ranar Laraba aka ciro a gabana, na rungumo shi a kujerar baya cikin bargon uwargida, ba ta sani ba tukuna.

Jiya muka ɗaura. Tsakuwar da aka kwaso daga cikin ƙofa ta kusa cika gwangwanin madara biyu. Saiti ya ci mana kusan awa uku, takarda tana kamawa ko'ina sai can kusurwar sama ta baya, ruwa bai shiga ba amma da na hau hanyar Ningi na wuce 80 akwai ɗan fito siriri daidai kunnena. Rewaya, wane noti ne ke kwantar da saman gilashin ciki, na ƙasan ƙofa ne ko sai an sake cire marfin?