Kuɗin caca ne ya ceci Deadwood, ko shi ne ya cinye ta?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so a yi mini gardama a kanta. Deadwood ƙaramin gari ne a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, masu neman zinariya ne suka kafa shi a 1876 cikin wani matsattsen kwari. Ni abin da na tsaya a kai shi ne: da ba a halatta caca a garin a 1989 ba, da yanzu tsofaffin gine-ginensa sun zama kufai. Na san wannan magana tana da nauyi a bakin Musulmi, kuma ban ce caca halal ce ba. Amma a watan Disamba na 1987 gobara ta cinye wani babban tsohon gini a tsakiyar garin, babu mai kuɗin sake shi, aikin haƙa kuma yana ta ja da baya. Aka yi ƙuri'a a jihar a 1988, aka buɗe gidajen caca ran 1 ga Nuwamba 1989, da sharaɗin wani kaso na harajin ya tafi wajen gyaran kayan tarihi. Da kuɗin ne aka gyara tituna, da bututun ruwa, da katangun da ke riƙe gangaren dutse kada ya rufto wa gidaje.

Malama: Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin mu je ga caca, wane tsohon gari ne aka ceto? Mutane na ganin jan bulo a babban titin suna zaton garin 1876 ne. Wancan garin na tantuna ne da rumfunan katako, titi duk caɓi da kututturan itace. Ran 26 ga Satumba 1879 wuta ta tashi daga wani gidan burodi, ta isa wani kantin kayan gini da aka ajiye albarushi a ciki, ya fashe, gine-gine sama da 300 suka ƙone. Bayan nan ne masu hali suka koma gini da bulo da dutse. Ambaliya ta sake share ƙasan garin a 1883, wata gobarar ta biyo a 1894. Otal ɗin Bullock da ake yawan ɗaukar hotonsa a 1895 aka gina shi, na Franklin kuwa 1903. Wato abin da ke tsaye yau garin 'yan kasuwa ne na bayan zuwan jirgin ƙasa a 1890, lokacin da zinariyar cikin rafi ta riga ta ƙare, arziki ya koma babban ramin haƙar zinariya na kamfanin Homestake da ke Lead, garin da ke maƙwabtaka da su.

Injiniya: Ban ƙi ba Malama, Allah ya ƙara sani. To amma ginin 1895 ai shi ma tarihi ne. Tun 1961 gwamnatin Amurka ta sa garin baki ɗaya cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma takardar ba ta toshe rufin kowa ba. Rufi sai da kuɗi.

Ɗan Jos: Ina bayan Injiniya a nan, don na girma ina ganin abin da ke faruwa da garin ma'adinai idan kamfani ya naɗe tabarmarsa. Ku zo wajajen Bukuru da Rayfield ku ga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ma'adini ba ya haihuwa, ranar da ya ƙare ko farashinsa ya faɗi, garin sai ya nemi wata sana'a ko ya mutu. Homestake ta rufe a 2002 bayan fiye da shekara 120 tana aiki. Da me mutanen Deadwood za su riƙe benayensu?

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Injiniya, kai ginin kake kallo daga waje, ni kuwa abin da ke cikinsa nake tambaya. Da aka buɗe caca, kuɗin haya da farashin fili suka yi sama, masu kantin tufafi da masu sayar da kayan gida suka sayar suka tashi, injinan caca suka cika ɗakunan. Fuskar gini tana nan fes, an shafe ta, an gyara tagoginta, amma matar gida ba ta samun abin da za ta saya a babban titin garinsu sai ta shiga mota ta tafi wani gari. Gari ai mutane ne da cinikinsu. Mazaunan Deadwood yanzu ba su kai 1,500 ba. Kuma ku lura da yadda abin ke tafiya: da fari dala 5 ce iyakar abin da mutum zai zuba a hannu ɗaya, a 2000 aka kai ta 100, a 2012 aka kai 1,000. Wanda ya ce maka kaɗan zai ɗiba daga rumbu, ka sa ido a kan hannunsa.

Injiniya: Allah ya ja da ran Baba. Gaskiya ne kantuna sun tashi. Sai dai da yawansu dama suna kan hanyar rufewa. Kuma kada a ɗauka caca baƙuwa ce a garin. Shahararren ɗan bindigar nan Wild Bill Hickok yana kan teburin karta aka harbe shi ran 2 ga Agusta 1876. Gidajen karuwai na kan babban titin ba a rufe su ba sai 1980. Garin bai taɓa zama zawiyya ba, balle a ce caca ce ta ɓata shi.

Malama: Madalla da ka kawo Hickok, don shi ne babbar hujjata. Mashayar da aka kashe shi a ciki ta ƙone tun gobarar 1879. Wadda ke ɗauke da sunan yanzu ba a wurin take ba, tana can gaba a kan titin. Kabarinsa ma ba inda aka fara binne shi yake ba: da garin ya matse, aka tone tsohuwar maƙabarta aka kai gawarwaki maƙabartar Mount Moriah da ke saman dutse, aka yi gidaje a filin. Duk wannan ban ga laifinsa ba, haka gari ke motsi. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da aka zaɓa a tuna da abin da aka bari ya tafi. A ƙasan babban titin akwai unguwar Sinawa, masu wanki da gidajen abinci da kantuna. Ginin Wing Tsue, kantin Fee Lee Wong, shi ne babbar shaidar da ta rage ta unguwar, kuma a watan Disamba na 2005 aka rushe shi. Shekara 16 kenan da fara shigowar kuɗin da aka ce na kare tarihi ne. Labarin ɗan bindiga yana kawo baƙi, labarin mai wanki ba ya kawowa, shi ya sa ɗaya ya rayu ɗaya ya tafi.

Ɗan Jos: Wannan ta shige ni, Malama. Ban san da ita ba.

Uwar Biyu: Ni tambayata, dole ne sai ɗayan biyu, caca ko rushewa? Ga Bodie a Kalifoniya, ita ma garin zinariya ce, gobarar 1892 da ta 1932 suka cinye mafi yawanta. A 1962 jihar ta mai da ita wurin tarihi, ana tallafe abin da ya rage kada ya faɗi, amma ba a sabunta komai. Kayan da mutane suka bari suna nan a kan kanta da ƙurarsu.

Injiniya: Yaya, Bodie ba kowa a cikinta sai masu gadi. Ba makaranta, ba jariri, ba mai biyan kuɗin ruwa. Mutanen Deadwood zama suke so su ci gaba da yi a garinsu. In misalin ɓarna kike nema, Black Hawk ta Kolorado ce: an buɗe caca a 1991, yau dogayen otal-otal, ɗaya mai hawa fiye da talatin, sun danne ɗan garin har ba a gane shi. A Deadwood hukumar kula da tarihi tana da ta cewa kafin a taɓa fuskar gini, shi ya sa babban titin bai koma haka ba. Har tsohuwar masana'antar da Homestake ke tace zinariya daga laka an mai da ita otal da zauren taro maimakon a rushe.

Uwar Biyu: To ka ga ashe doka ce ta yi aikin, tunda cacar iri ɗaya ce a garuruwan biyu.

Injiniya: Doka da kuɗi tare. Amma na karɓi rabin maganarki, zan rage da'awata: kuɗin shi kaɗai bai isa ba.

Baba Alhaji: Saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Muna ta lissafin wanda ya gina da wanda ya gyara, ba mu tambayi mai ƙasar ba. Duwatsun Black Hills, inda Deadwood take, na mutanen Lakota ne, 'yan asalin ƙasar, bisa yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868. Da ayarin sojan Amurka ƙarƙashin Custer ya ba da labarin zinariya a 1874, mutane suka kwararo, aka yanka titunan Deadwood a kan ƙasar da doka ta hana su shiga, a 1877 gwamnati ta ƙwace yankin. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a biya su diyyar sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin na nan ajiye a hannun gwamnati yana ta taruwa har yau.

Malama: Haka ne Baba. Rafin Whitewood ma da aka fara wanke zinariyar a cikinsa, wanda shi ya sa babban titin ya lanƙwasa yadda yake, a tsakiyar gari ba ka ganinsa. An zura shi cikin kwalbati, an shimfiɗa babbar hanyar mota a kansa.