Abin da aka tattauna kan cacar dambe da ƙwallon ƙasashe

An yi tattaunawa kan sa kuɗi a kan sakamakon wasannin dambe da ƙwallon ƙasashe; na bi bayanan kowa, ga abin da na tattaro.

1. Hukunci: babu wanda ya yi musu. Caca ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta ta.

2. Babu wasan da yake "tabbas". An tuna yadda Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a Kofin Duniya na 2022, da yadda Andy Ruiz ya kayar da Anthony Joshua a damben boksin a 2019. A dambe, naushi ɗaya kan rushe lissafi, ko alƙalai su raba maki yadda ba a zata ba.

3. Tikitin cacar da ake jera wasa goma, wanda ba a ci sai duka sun zo daidai, ya fi cin kuɗin matasa. Tara su shiga, ɗaya ya yanke, gobe yaro ya koma da kuɗin cefane. Wannan ya fi damuna.

4. Inda aka rabu: wasu na goyon bayan rufe shagunan caca, kamar yadda Hisbah ta yi a Kano. Wasu suka ce cacar ta koma cikin waya, sai iyaye sun sa ido.

5. Mai son dainawa ya goge manhajar cacar daga wayarsa, ya damƙa katin bankinsa ga amintacce.