Nakasasshe ko mai buƙata ta musamman, wanne ne daidai dan Allah?

Maman Yaro:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Yarona shekararsa shida, tun wajen haihuwa aka samu matsala, naƙuda ta daɗe ya fito bai yi kuka ba sai da aka yi ta fama da shi, daga baya likita ya ce iska ce ba ta isa ƙwaƙwalwarsa ba a lokacin, shi ne ya taɓa wajen da ke kula da motsi. Bai zauna ba sai da ya shekara biyu, yanzu yana tsayawa in ya dafa bango, hannun damansa a dunƙule yake in zai riƙe fensir sai ya sa na hagu ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Amma kansa ras, wlh ya fi yayarsa saurin hadda.

To jiya muna layin gashin ƙashi a asibiti ina hira da wata mata sai na ce ai mu masu nakasassun yara sai haƙuri, kawai wata ma'aikaciya ta juyo ta ce Hajiya a daina cewa nakasasshe, mai buƙata ta musamman ake cewa yanzu. A gaban jama'a fa. Na ji kunya kuma na ji haushi, don ni nake goya shi in hau bene da shi ita ko sunansa ba ta sani ba. Amma da na dawo gida abin ya tsaya min a rai, wai shekara shida zagin ɗana nake ban sani ba? Kakarsa kuma musakin nan take ce masa, kuma duk gidan ba wanda ya kai ta sonsa. Ku me kuke cewa?

Mai Sanda:
Wa alaikumus salam Maman Yaro. Ni makaho ne, wayata ce ta karanta min rubutunki, kuma kin ga da bakina na ce makaho ban ji komai ba. Tun ina shekara tara ido ya tafi. Gsky ni wannan buƙata ta musamman ɗin ba ta taɓa kwanta min ba. Mene ne na musamman a buƙatata? Ina so in yi karatu, in tsallaka titi lafiya, in yi aiki in ci da iyalina, wanne ne a ciki ke ba kya so? Hanyar ce kawai ta bambanta. Kuma abin da na lura, masu idon ne suka fi jin nauyin kalmar, mutum zai yi ta kwana-kwana yana mai lalurar gani, mai matsalar ido, sannan ya juya ya tambayi ɗan jagorana wai me yake so? ina tsaye a gabansa. Wannan ya fi min ciwo sau dubu.

Ko a littattafan hadisi akwai manyan malamai da ba a san su ba sai da A'amash da A'araj, ɗaya raunin ido ɗaya ɗingishi, malamai suka ce in don a gane mutum ne ba don a wulaƙanta shi ba babu laifi. Ki kwantar da hankalinki, ba zaginsa kike ba.

Malamar Aji:
Sannu da ƙoƙari 'yar uwa, Allah ya ba ki lada. Ma'aikaciyar nan ta yi kuskure a yadda ta faɗa miki, gyara a bainar jama'a ba gyara ba ne. Amma rigimar kalmomin nan ba a Hausa kaɗai take ba, kuma ta daɗe. Wani likita ɗan Ingila John Langdon Down ya yi cikakken bayanin lalurar da yanzu ake kira da sunansa a 1866, aka yi kusan shekara ɗari ana kiran yaran da sunan mutanen Mongoliya wai don kamar ido, sai a 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina bayan ƙasar ta yi ƙorafi. A Ingila babbar ƙungiyar da ke kula da masu irin lalurar ɗanki sai da ta canza sunanta zuwa Scope a 1994, saboda yara sun mayar da tsohon sunan abin zagi a makaranta. A Amurka ma a 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta cire tsohuwar kalmar da ake kiran masu jinkirin fahimta daga dokokin tarayya. Kuma duk kalmomin nan da farko na likitoci ne, masu tsabta, bakin mutane ne ya ɓata su. Shi ya sa nake tsoron ita ma ta musamman ɗin, na riga na ji ɗalibi ya ce wa ɗan uwansa kai ɗan musamman ne ana dariya.

Abin da nake yi ni, ina cewa mai nakasa maimakon nakasasshe. Ki saurara da kunnenki ki ji, nakasasshe kamar an gama da shi gaba ɗaya ne, irin lalatacce, karyayye. Mai nakasa kuwa mutum ne da yake da wani abu, kamar mai tsawo ko mai gilashi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ma haka ta yi, ta sa mutane a gaba sannan nakasa, ba ta ɓoye kalmar ba.

Baban Biyu:
Mai Sanda ina girmama ka amma ban yarda da kai duka ba. Kai babba ne, ka zaɓi sunan da kake so kuma kana da bakin ramawa. Yaro ɗan shekara shida fa? 'Yata ba ta ji, tun tana wata takwas sanƙarau ya tafi da kunnen, kuma har yau in na ji an ce bebiya sai jikina ya yi sanyi. Kurma ce, eh, wannan ban musa ba ita ma ta sani. Amma bebiya ta ina? Yarinyar da in ta fara ba ka labari da hannu sai ka roƙe ta ta tsaya, har gulmar ƙaninta take kawo min. Shi kansa yaren sai ka ji an ce maganar bebaye, mu maganar hannu muke cewa.

Kuma akwai kalmomin da ba a kunne suke tsayawa ba. In aka ce yaro ɗan ruwa ne ko an musanya shi, to daga ranar an daina kai shi asibiti, an daina gashi, an koma neman wani abu daban, alhali gaɓoɓin suna ta ƙara sandarewa. In aka ce wawa ne ko gaula, wa zai ɓata kuɗinsa ya sa wawa a makaranta? Unicef ta ce yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wajen ɗaya cikin goma kenan, kuma su suka fi kowa rashin shiga aji. Ni a ganina sunan yana cikin abin da ke zaunar da su a gida.

Mai Sanda:
Baban Biyu wlh na karɓa, maganar ɗan ruwa da wawa ba mu da saɓani, waɗannan ƙarya ce ake yi wa yaro ba suna ba ne. Ni abin da nake gudu kar a mayar da gaskiya abin kunya. Iyayena sun yi shekara biyu suna cewa idon ne ke ɗan damunsa, ba su kai ni in koyi rubutun makafi ba sai da suka iya furta kalmar. Shekara biyu na yi a zaune.

Maman Yaro:
Na gode sosai, Allah ya saka. Malama mai nakasa ɗin ta shige ni, tun ɗazu nake maimaitawa. Ɗazu da nake sa masa takalmin ƙarfensa na ce wai in yara suka tambaye ka me ya samu ƙafarka me kake cewa? Ya ce ce musu nake ƙafar ce ba ta jin magana. Na yi dariya har da hawaye. Kakar ce dai ban san ta inda zan ɓullo mata ba, surukata ce kuma ta haura saba'in, in na ce Mama a daina cewa musaki sai ta ce yaushe aka haife ni. Wataƙila babansa zan tura.

Malamar Aji:
Hhh ki tura shi yaron, jika ai ya fi ku fada a wajenta. Ya ce Kaka ni sunana kaza, ki gani in za ta sake.