Ƙaga abin bauta a labarin almara

Ga abin da na tsinta a hirar marubutanmu na Garwa. Yawanci sun ce kar ka fara da suna, fara da abin da mutanen labarinka ke tsoro, in fari ne to dodonsu na ruwan sama ne, in masunta ne irin na tafkin Cadi sai kada ko dorina. Wani ya kawo Tsumburbura ta Dala, abar bautar Kanawa a da, bokanta Barbushe kaɗai ke shiga wurinta ya fito da labarin abin da zai faru, ni dai wannan ɓoyon ne ya burge ni wallahi. An ambaci bokan Rumsiki, wani gari a arewacin Kamaru, mai duba da ƙaguwa a tukunya. Amma kar ka kwaikwayi sallah ko coci, rigima za ka jawo.