Don Allah a ba ni shawara: in haɗa kwamfuta ko in sayi haɗaɗɗiya?

Mai bidiyo, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin kwamfuta ku taimaka, kaina ya ɗaure. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walimar sauka, wani lokaci har Kalgo da Jega ake kirana. Laftof ɗina ta gaji, da na sa ta fitar da bidiyo sai ta ɗau zafi ta mutu. Akwai wata Hajiya da ta aurar da 'yarta, da bidiyon bikin ya yi jinkiri har gida ta aiko a tambayi mahaifiyata ko cinye mata kuɗi na yi. Ranar Inna ba ta ci abincin dare ba. Shi ya sa Yayana ya sayar da shinkafar ranin da ya noma a fadama, ya ranta mini naira 700,000, da sharaɗin in mayar kafin lokacin sayen taki da man injin ban ruwa. Matarsa ba ta so ba, kuma ban ga laifinta ba, yara gare su.

Abin da na tsara: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, madabod (faifan da ake jona duk kayan a kai) B450, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 16GB, ma'ajiyar fayiloli SSD 512GB, da katin hoto RTX 3060 na hannu. Wani abokina kuma ya ce in bar wahalar da kai, in je Kano in ɗauko HP ko Dell ta ofis, tokumbo. Wanne ya fi?

Injiniya, Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, haɗawa za ka yi, babu wata magana. Waɗannan ƙananan HP da Dell na ofis an yi su ne don rubutu da lissafi. Fawa saflai ɗinsu, wato abin da ke raba wa kayan wuta, ƙarami ne, kuma na kamfanin ne kaɗai, akwatin ma siriri, RTX 3060 ba zai shiga ba ko da za ka kwana kana turawa. Sannan da yawan waɗanda ke kasuwa furosesarsu Intel ƙarni na 6 ko na 7 ce. Windows 11 daga ƙarni na 8 take karɓa, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

Amma jerin naka da gyara. B450 ta girmi Ryzen 5000, in ba a sabunta mata BIOS, manhajar da ke tayar da madabod, ba za ka kunna ka ga allo baƙi ƙirin. Nemi B550, ko mai kayan ya kunna a gabanka. Ram ɗin ya zama DDR4, 8GB guda biyu. Kuma ina fawa saflai? Ban gan shi ba.

Maman Walid, Jega:
Ɗana, ka ji tsoron kuɗin bashi. Ni shagon buga takardu gare ni. An taɓa haɗa mini irin wannan, da ta lalace mai madabod ya ce laifin mai fawa ne, mai fawa ya ce laifin wanda ya haɗa ne, wanda ya haɗa ya daina ɗaukar wayata. Har yau tana ƙarƙashin tebur ta yi ƙura. HP tokumbo da na saya daga baya ita ke ciyar da mu. Mutum ɗaya ka saya wurinsa, mutum ɗaya za ka riƙe.

Ɗan Argungu:
Ku duk kuna ta zancen kaya, wa ya yi zancen wuta? Katin nan shi kaɗai wat 170 yake ja, ga furosesa, ga allo. Mu nan da anka ɗauke wuta sai dai haƙuri. Batiran inbata da munka saya da tsada ko damina biyu ba su gani ba, mai sayar da su ya ce zafi ne ya kashe su. To ina za mu kai zafin? Watan Afrilu a Kabi ma'auni na wuce 40. Ka sayi laftof mai ƙarfi, batirinta na cikinta.

Injiniya, Gusau:
Laftof ɗin ce ta kawo shi nan ai. Zafin da ka faɗa shi ne hujjata: babban akwati mai fankoki uku ya fi shan iska, kuma in hunturu ya cika shi da ƙura sukurori biyu za ka kwance ka busa. Maman Walid, da girmamawa, aikinki daban nasa daban. Wanda ya haɗa miki ne bai iya ba. Ni na haɗa wa mutane da yawa a Gusau, babu wanda ya dawo da kuka.

Mai bidiyo:
Na gode. Fawa saflai ba matsala, akwatin da zan saya da nasa yake zuwa. Katin kuma na riga na ba da kafin alƙalami naira 100,000, wani ne a Kano muka haɗu a WhatsApp, ya turo mini bidiyon katin yana aiki. Mutumin kirki ne, daga maganarsa za ka gane.

Injiniya, Gusau:
Innalillahi. Ɗora RTX 3060 a kan fawar da ke zuwa kyauta da akwati, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Nvidia, kamfanin katin, da kanta wat 550 ta ce. Nemi fawa mai tambarin inganci na 80 Plus Bronze na kamfanin da aka sani, in ba haka ba ranar da ya ƙone da madabod zai tafi. Batun katin kuma, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto a Satumbar 2022, katuna da yawa da suka yi aiki dare da rana sun shigo kasuwa. Bidiyo ba shaida ba ne. Ka je da ƙafarka, a ɗora masa aiki mai nauyi kana kallon zafinsa. Ka tuna 5600 ba ta da hoto a cikinta, katin na mutuwa aikinka ya tsaya cak.

Malam Abu, Kalgo:
To mi ya hana shi ɗaukar furosesa 5600G? Ita da hotonta take zuwa. Ya fara aiki, ya rage bashin Yayansa, ya ƙara kati daga baya. Ragowar kuɗin ya sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Wai ma da wace manhaja kake aiki? CapCut ba ta cin abin da DaVinci Resolve ke ci. Kana da allo?

Injiniya, Gusau:
5600G rabin ma'ajiyar L3 (ma'ajiya mai sauri ta cikin furosesa) ta 5600 gare ta, 16MB a kan 32MB. Ba na ba mai sana'a wannan shawara.

Mai bidiyo:
Malam, ba zan fasa katin ba, duk masu bidiyon da nake kallo a YouTube da shi suke aiki, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa. In na ƙara fawa mai tsada da UPS kuɗin ba za su kai ba, kuma ba ni da fuskar sake tunkarar Yaya. Akwai wanda ya san mai haɗawa a nan Birnin Kebbi, ko sai a Kanon?

Maman Walid, Jega:
Yayan naka ya san ka tura wa wanda ba ka taɓa gani ba dubu 100?

Malam Abu, Kalgo:
Har yanzu ba ka faɗi manhajar ba, kuma ba ka ce ko kana da allo ba.