Canjin man giya da filta a gida, zai yiwu ko na haƙura?

Ɗan_Agege:

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min da shawara. Ina da Camry 2005 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa Big Daddy, atomatik ce, tokumbo na saye ta shekara uku kenan, yanzu mita na nuna mil 168,000 da 'yan kai. Tunda na saye ta juyen baƙin mai kawai nake yi, man giya ko sau ɗaya ban taɓa shi ba, kuma Allah kaɗai ya san ko wanda ya hau ta a Amurka ya taɓa canzawa.

To kwanan nan na lura in na tashe ta da safe na sa D sai ta ɗan yi jim kafin ta kama, sannan in na daɗe a gosulo, musamman hanyar Oshodi zuwa Apapa da nake bi kusan kullum, sai ta riƙa wata 'yar zabura daga giya ɗaya zuwa biyu kamar an zungure ta ta baya. Jiya na zaro geji na goga a farin tishu, man ba ja bane, ya koma kamar shayin da ya sha dahuwa, amma dai na shinshina ban ji ƙauri ba.

Abin da ya sa nake so na yi da kaina, wani bakanike ya taɓa yi min aika-aika, na ba shi kuɗin mai mai kyau ya je ya zuba min na awo, ba sai na faɗi unguwa ba. Ina da jak da sifanu kuma ni nake yin juye na. Tambayata, zan iya cire kaskon nan na ƙasa na canza filta a gida ba tare da na jawo wa kaina ba? Wane mai zan saya, lita nawa? Da Sallah nake so na ɗebi iyali mu tafi Kano, bana son ta ajiye ni a Jebba ko Mokwa da yara a mota.

Alhaji_MaiTumatir:

Wa alaikumus salam. Yaro ka bar kaza cikin gashinta. Man giya ba a taɓa shi, ni abinda na sani kenan tun ina yaron mota. Wani maƙwabcina a Mile 12 motarsa na tafiya lafiya lau, wani ya zuga shi ya canza, sati biyu ba a yi ba giyar ta daina ja, sai kasuwar kayan mota ta Ladipo ya je ya sayo wata. Kai duba jikin gejin naka ma da kyau, kamfanin da kansa ya rubuta ba sai an canza ba. In ya yi ƙasa ka ƙara, shikenan.

Oga_Bakanike:

Alhaji ranka ya daɗe, ka faɗi rabi ka bar rabi. Eh an rubuta, amma karanta ƙarshen rubutun, cewa suka yi in ana tuƙi na ƙa'ida. To tsakani da Allah wanda zai yi awa biyu daga Oshodi zuwa Apapa ƙafa a kan burki, AC a kunne, rana na dukan kwalta, wannan tuƙin ƙa'ida ne? Zafi shi ne ke kashe man giya, kuma Legas zafi da gosulo ba a saya da kuɗi. Maƙwabcin naka kuwa ɗayan biyu ne, ko an zuba masa man da ba nata ba, ko dama giyar ta gama cinye kulocinta, garin da ya goge yana yawo cikin tsohon man shi ke sa ta ɗan kamawa, da aka zubar sai asiri ya tonu. Dama can ta mutu, jana'iza ce ba a yi ba.

Ƙanena Ɗan Agege, tunda naka ruwan shayi ne kuma babu ƙauri, yi abinka. Da ka ce baƙi ƙirin ne yana warin ƙonanniyar tukunya da na ce dakata.

Mai dai T-IV ne na Toyota, a jikin gejin ma za ka ga an rubuta. Ba WS ba, wanda shi ma wani man giyar Toyota ne, ba Dexron ɗin da ake zubawa a sitiyari ba, duk ja ne amma kama da wane bata wane. Sayi gwangwanin lita 4 ka ƙara kwalba ɗaya don ko ta kwana. Sai filta da gaskit, yawanci tare suke zuwa a kwali ɗaya, ka buɗe a gaban mai shagon ka tabbatar da 'yar robar nan zagayayya ta bakin filta tana ciki.

Kafin komai maganar rai. Kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, kuma kar ka tokare da bulon siminti, fashewa yake ba sallama. Samu jak-stan ko katako mai kauri, ja burkin hannu, sa dutse a tayoyin baya, wurin ya zama shimfiɗaɗɗe ba gangare ba.

Ka ɗan zaga da ita minti goma man ya yi ɗumi, ba zafin da zai saɓule maka hannu ba. Kaskon giya yana ɓangaren direba, kar ka je ka kwance na inji, na sha ganin haka wlh, mutum ya tsiyaye baƙin mai ya zo ya ɗura man giya kan wani. Bol ɗin tsiyayar mai na kaskon giya da alan-ki mai lamba 10 ake kwance shi. Tara roba mai faɗi. Abinda ya fito kar ka zubar, AUNA shi, samu robobin ruwa na lita ɗaya da rabi ka ɗura ka ƙirga, wajen lita uku da rabi za ka samu, da na cikin kasko da filta ya tasar ma huɗu. Abinda ya fita shi za ka mayar, wannan shi ne rabin aikin.

Kaskon bol 18 ne, lamba 10, wasu sun ɓuya kusa da ƙarfen da ya gitta, sai da haƙuri da ƙaramin sifana. Bar guda biyu a kusurwa kar ka cire duka, ka sassauta a hankali ka karkato shi, don akwai sauran mai a ciki in ba haka ba za ka yi wanka da shi. In ya sauko ka duba maganaɗisun da ke manne a ciki. In ka ga laushin abu toka-toka kamar kwalli, wannan ba komai, kowace giya na yi. In kuwa ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za ka iya ji a yatsa, ko baƙin abu kamar dusa ya cika gindin kaskon, to ɗauki hoto ka turo, kuma ka fara tunanin motar haya zuwa Kano. Wanke kasko da maganaɗisu da fetur, bari su bushe sarai, kar ka goge da tsumma mai zubar da zare, mayar da su inda ka same su.

Filta bol uku ne. In ka zaro ka leƙa ramin, wani lokaci tsohuwar robar na maƙalewa a ciki, in ka ɗora sabuwa a kanta giyar za ta riƙa zuƙar iska. Shafa wa sabuwar mai kafin ka tura. Gaskit kuma a bushe, dan girman Allah kar ka shafa gam. Yaranmu na gareji sun mayar da gam kamar man shafawa, in ya matse ya ɓalle ta ciki ya shiga ƙananan hanyoyin mai, nan ne za ka ga giya na abin da ko mai ita bai gane ba.

Ɗaurin bol: fara da hannu duka 18, sannan ka bi su gicciye, nan ɗaya can ɗaya. Ƙarfinsu wajen 8 Nm ne kacal, wato ɗaurin wuyan hannu ba na kafaɗa ba, jikin giyar alminiyom ne.

Ta bututun geji za ka ɗura, da doguwar mazurari mai tsabta. Sauke motar ƙasa, tashe ta, taka burki ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya daga P har L kana ɗan tsayawa a kowanne, ka dawo P. Zaga kamar minti 15 ta ɗau zafi, inji na aiki ka duba geji, ya tsaya tsakanin alamun HOT. Kar ya wuce, in ya yi yawa kumfa yake.

Abu na ƙarshe, giyar nan gaba ɗaya tana cin wajen lita 8, ragowar na cikin kwanbata (tulun da ke tsakanin inji da giya) da kula (mai sanyaya man), ba ya fitowa ta ƙasa. Kenan ko rabi ba ka canza ba. In ka yi kamar kilomita dubu sai ka sake tsiyayewa ta bol ɗin kawai ka mayar da sabo, ba sai ka kuma sauke kasko ba. Wanda ya ce kawo a yi maka wankin inji a tura mai da ƙarfi, a mil 168,000, ce masa ka gode.

Baban_Ummi:

Oga Allah ya saka da alheri, da na samu wannan bayanin bara da ban sha wahala ba. Ni Corolla 2006 gare ni, T-IV ɗin dai take sha. Ranar wata Lahadi na ce bari na gwada a ƙofar gida nan Idi-Araba, komai ya tafi daidai har na zo ɗauri, sai shaiɗan ya ce min ƙara kaɗan kar ya yi yoyo, na ƙara, sai ji na yi ƙas, kan bol ɗin a cikin soket ragowar a jikin giya. Ga magariba ta kawo kai, ga maigidan haya ɗan Yarbawa ya tsaya a kaina yana nuna man da ya ɗiga a siminti yana faɗa, rabi ina ji rabi bana ji. Washegari sai da na ɗauko mai dirila ya zo ya ciro guntun, kuɗin da na ce ina tattali ya tafi har da riba. To Ɗan Agege shimfiɗa kwali ko tsohon buhu kafin ka fara, kuma ka fara da hantsi ba da la'asar ba.

Sai maganar jabu. Ko Ladipo ka je ko Trade Fair akwai na gaske akwai na bogi, gwangwanin iri ɗaya sak. Ni dai yanzu bana sayen wanda aka miƙo min daga hannun yaran da ke tare mutum a bakin hanya suna oga me kake nema, shago nake shiga wanda in abu ya ɓaci zan dawo na same shi gobe, na karɓi rasit, na duba murfin ko an taɓa ɓalle shi. In farashi ya yi araha da yawa ajiye masa abinsa, araha bata ado.

Maman_Hanifa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni tambaya ce, Honda Accord da ake ce wa EOD ce da ni, haka zan sa a yi min? Kuma satin da ya wuce na ratsa ruwa a hanyar Ajah har ya kusa rufe taya, tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Oga_Bakanike:

Hajiya taki daban ce. Honda bata da kaskon da ake saukewa, babban filtarta na can ciki sai an farke giya, don haka tsiyayewa kawai ake a mayar, wajen lita 3, kuma DW-1 na Honda, shi ne ya maye gurbin Z1 na da. Bol ɗin nata akwai maganaɗisu a bakinsa a goge shi. Dubin geji ma ya bambanta, ita sai an kashe inji a duba nan take cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Maganar ruwa kuwa yau ɗin nan ki sa a zaro geji, in kin ga man ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo to ruwa ya shiga, kar ki ƙara tuƙa ta, a jawo ta gareji, ruwa na ɓanɓare fatar kuloci.

Masu Camry daga 2010 zuwa sama da basu da geji, da masu giyar CVT (wani nau'in atomatik daban) irin Corolla 2014, ku kar ku kwaikwayi abinda na rubuta a sama. Mansu daban, kuma awon nasu sai man na wajen digiri 40 da kwamfuta a jone.

Ɗan_Agege:

Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Asabar na yi, na fara ƙarfe tara na gama bayan azahar, bol ɗaya na kusa da ƙarfen nan shi kaɗai ya ci min kusan minti 40 har na fara nadama. Robobi biyu da rabi da ɗan ɗori suka fito, na mayar da daidai hakan. Maganaɗisun sun yi kwalli sosai kamar an shafa musu amma babu ɓarɓashi Alhamdulillah. Kuma Oga kamar kana wurin, tsohuwar robar ta maƙale a ramin, da ban leƙa ba da na ɗora a kai. Wankan mai dai ban tsira ba, ya bi hannun riga har hammata, uwargida ta ce rigar ta zama tsumman mota. Tsohon man na ɗura a jarka zan kai wa masu juye na bakin titi, ban zuba a kwata ba.

Yau da safe na sa D ta kama nan take. Zaburar ta ragu amma ban ce ta tafi duka ba, jiya da yamma wajen Ikeja Along na ɗan ji ta sau ɗaya. Alhaji MaiTumatir a sa mu a addu'a kar maganarka ta tabbata.

Oga_Bakanike:

Madalla. Bar ta ta yi sati biyu tukuna, kullum da safe ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, in ka ga gefen kasko ya jiƙe ƙara wa bol ɗin wurin ɗan kaɗan kawai. Sannan ka sa wani ya taka burki ya sa D ya koma R kai kana tsaye a gefe bonet a buɗe, ba a gabanta ba, in inji na tsalle to injin-sit, robar da inji ke zaune a kai, ne ya yage, shi ma yana kawo irin wannan zaburar. Tsiyaya ta biyu ka yi ta kafin tafiyar, kuma ragowar kwalbar nan jefa ta a but.